Bahon Mai Burodi

"Malama, sai haƙuri... wannan ma bai zauna ba," in ji nas.

Malama ba ta yi kuka ba. Silin ɗakin asibitin kawai ta zuba wa ido, inda fanka ke juyawa a hankali kamar an yi mata dole. Ɓari na uku ke nan a shekara huɗu da aurenta, kuma duk wuri guda suke tsayawa. Ciki zai shiga wata na uku, ta fara zaɓen 'yan riguna a zuciyarta, sai ta wayi gari da jini.

Nas ɗin ta gyara mata ƙarin ruwa ta fita, ta bar ƙofa a buɗe. Ina ma ta rufe.

"Ni fa na gaji da zaryar asibiti a kan abin da ba ya tsayawa!" Muryar yayar mijinta ce daga baranda, wadda duk dangi ke kira Yaya Babba. "Kwando aka kawo mana gida, Inna. Ko kogi aka juye masa ba zai riƙe ba."

"Ki rage murya mana," in ji Inna, uwar mijin.

Ba ta ce ƙarya ba ce. Murya kawai ta ce a rage, kuma Malama ta ji wannan ma.

Ana haka sai ga mijinta ya faɗo ɗakin, ko rigar aiki bai cire ba, fulawa har a girarsa. A gida Auta ake ce masa, a unguwa kuwa Mai Burodi, don shi ya gaji gidan burodin mahaifinsu, kuma ba ya yarda kowa ya tsaya a bakin tanderu sai shi. Ya durƙusa a gefen gado ya kama hannunta. Tafinsa zafi rau, kamar kullum.

"Malamata..."

"Ka yafe mini."

"Me kika yi mini?"

"Na sake zubar maka da..."

"Kul! Kar ki ƙarasa." Ya ɗora goshinsa a bayan hannunta. "Ke nake roƙon Allah ya bar mini. Sauran duk mai sauƙi ne."

Sai da ta shaƙi ƙamshin hayaƙi da suga da ke jikin rigarsa sannan kukan ya zo mata, ya kuwa zo da ƙarfinsa.

Abin da ya ɗaure wa Malama baki a gaban dangin miji shi ne, an taɓa gwada shi. Tun ɓarin farko ya je da ƙafarsa, aka ce maniyyinsa na da yawa kuma yana motsi, lafiya ƙalau. Yaya Babba ta haddace wannan magana kamar karatu, duk taron da aka yi sai ta biya. To in namiji lafiyarsa ƙalau, wa ya rage? Ita dai, malamar ajin ƙananan yara, mai share majinar 'ya'yan mutane tun safe har azahar, ta dawo gida hannu rabbana.

Abu ɗaya take jin babu wadda za ta fi ta iya yi wa mijinta, shi ne baho.

Tun makon farko na aurensu ta lura yana dawowa da la'asar dafe da ƙugu. Mutumin da ke tsaye a bakin wuta tun asuba, yana sunkuyo yana zura tire yana zaro tire, ina bayansa zai bar shi? Sai ta shiga kasuwa ta sayo wani ƙaton baho shuɗi, irin wanda babban mutum zai zauna a ciki ya naɗe ƙafa. Kullum kafin ya iso ta tafasa tukunya biyu ta juye, ta ɗan surka kaɗan, don shi mai son ruwa ne da zafinsa. Ya shiga ya zauna ruwa har ƙugu yana "wash Allah na," ita kuma ta jawo 'yar kujera tana ba shi labarin ajinta: wanda ya cinye alli, da wanda ya ce in ya girma Malama zai aura.

"Ki gaya masa ina nan da raina," in ji Mai Burodi, ido a lumshe.

Ba ya fitowa sai ruwan ya huce.

Duk ɓarin da ta yi, shi sai ya ƙara ƙaimi a bakin tanderu don ya manta, ita kuma sai ta ƙara wa ruwan zafi. A ganinta, tunda ta kasa ba shi ɗa, ai ko wannan ta ba shi.

Da ta warware ta koma asibiti, aka haɗa ta da wata dattijuwar likita mai tabarau rataye a wuya, mai magana a hankali. Ta sa aka yi mata gwajin jini, aka ɗauki hoton mahaifa, aka duba duk abin da ake dubawa.

"Ban ga komai a jikinki ba," in ji Likita. "Ina son ganin maigidan."

"Ai an gwada shi, Likita. Lafiyarsa ƙalau."

"Ƙirgawa aka yi, ko an duba cikin abin da aka ƙirga?"

Malama ba ta gane ba, amma ta kai saƙo tana ɗar-ɗar, don ta zaci zai ɓata rai. Sai ya ce, "Ko jinina duka take so ta kwashe, tashi mu je."

Likita ta zaunar da shi ta yi ta jero masa tambayoyi. Yana shan taba? A'a. Mene ne aikinsa? Ya gaya mata har da ɗan alfahari: tanderun itace ne, na mahaifinsa, kuma shi ke tsayawa a bakinsa tun yana saurayi. Daidai ina wutar ke bugunsa? Ya nuna daga cibiya zuwa gwiwa. In ya dawo gida fa?

A nan Malama ta yi murmushi karon farko, ta karɓe zancen ta ba da labarin baho da kanta, don ta san ko ba komai a nan za a yaba mata.

Likita ba ta yaba ba. Biro ta ajiye.

"Akwai wani gwaji dabam da nake so a yi masa. Kowace ƙwayar maniyyi na ɗauke da saƙon halitta a cikinta, wanda muke kira DNA. Shi ne rabin abin da ake gina jariri da shi. Gwajin da aka yi masa a da ƙirga kawai ya yi, bai leƙa ko saƙon ya kakkarye ba."

Ranar da sakamako ya fito suka zauna a gabanta su biyu, gwiwarsa na taɓa tata.

"Ba zan ɓoye muku ba, karayar na da yawa," in ji Likita. "Ba don ado Allah ya rataye maraina a waje ba, sanyi suke so fiye da sauran jiki. Zafi mai yawa kullum, ga hayaƙi, suna iya lalata saƙon nan. Irin wannan ƙwayar za ta iya yin ciki, cikin ya fara tafiya, ya kai wani wuri ya tsaya. Ba zan rantse cewa shi kaɗai ne dalili ba, amma shi ne abin da na gani."



Mai Burodi ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce da wata irin murya, "Kamar yis ɗin kwaɓa burodi ke nan."

"Na'am?"

"In aka jiƙa yis da ruwan da ya cika zafi. A ido ba ka ganin komai, yana nan da yawansa. Ka kwaɓa, kwaɓin ya ɗan taso kamar abin kirki... sai ya kwanta." Ya dubi matarsa. "Ba laifin kwanon ba ne."

"Ka gane," in ji Likita. "Abin godiya, jikin namiji na sabunta ƙwayoyin nan, wajen wata uku sabbi sun fito. Ka bar bakin wuta, ka bar zama a ruwan zafi, ka daina sa matsattsun kaya, ga kuma magani zan rubuta maka. Ku dakata da neman ciki har mu sake gwadawa. Alƙawari ba zan yi muku ba, amma akwai fata."

Suna shiga gida Malama ta wuce banɗaki ta jawo bahon, ta ɗaga shi za ta maka da ƙasa. Ya riƙe gefensa.

"Sake mini! Ni ce na dafa su... da hannuna na dafa 'ya'yana!"

"Ke ruwa kika dafa, ni na shiga na zauna. Wa ya tura ni? Tanderun fa, ke kika gina shi?"

"Ni da nake cewa gata nake yi maka..."

"Gata kika yi mini. Wallahi duk duniya babu wanda ya taɓa tuna ina da baya sai ke." Ya karɓi bahon ya ajiye, ya rungume ta. "Shekara huɗu ana zaginki a kan abin da ke jikina, ina tsaye ina ce miki ki yi haƙuri. Yanzun nan zan je wurin Inna."

"Ba za ka je ba."

"Malamata!"

"Ni na riga na saba, kunnena ya yi kanta. Kai kuwa in maganar nan ta fita, ka san bakin mutane. Ba za su ce zafi ba ne, cewa za su yi ba namiji ba ne. Har masu sayen burodi sai sun nuna ka da baki. Ka rufa mana asiri, masoyina, ɗan lokaci ne. Ka yi mini alƙawari."

Ya yi mata, amma kamar ana cire masa haƙori.

Washegari ya miƙa wa mataimakinsa doguwar sandar da ake zaro burodi da ita, ya koma gaban shago. Makon farko burodi ya yi ta fitowa da baƙin gindi, masu saye na ƙorafi, shi kuma yana zaune yana jiyo ƙauri daga nesa yana cizon yatsa. Sau nawa ya miƙe zai shiga, sai ya tuna fuskarta a gadon asibiti ya koma ya zauna.

A gida kuwa wankan ruwan sanyi ya zama abin kallo. Ƙato guda, mai sa hannu a wuta, sai ga shi yana ihu a banɗaki da ruwa ya taɓa bayansa.

"Wayyo Malama, za ki kashe marayan Allah!"

"Saura kofi ɗaya, ɗan ajina. In ka daure zan sa a tafa maka."

Ciwon bayan tausa ta koma yi masa. Bahon kuwa ta kife shi a bayan ƙofa, ko kallonsa ba ta son yi.

Dangi ba su ga abin dariya ba. Yaya Babba ta ce an gama da ƙaninta, an raba shi da gadon ubansa, an kuma saka masa wando kamar buhu.

Wadda abin ya yi wa daɗi ita ce Kashiya, mai karɓar kuɗi a gaban shagon, ƙawar Yaya Babba, wadda ta daɗe tana ganin ɗakin Malama da ita ya fi dacewa. Ga Oga yanzu a gefenta tun safe. Turare ya ƙaru, jan baki ya ƙaru.

"Oga, wallahi kana ba ni tausayi. Mutum kamarka a ce har yanzu babu mai kiranka Baba..."

"Ga mai saye can yana jira."

Iyakar abin da take samu ke nan, kuma yana ƙona mata rai.

Magungunansa Malama ke sayowa, don kar a ga Mai Burodi a kemis a fara tambaya. Nesa take zuwa, ta ce a sa mata a baƙar leda, ta cusa can ƙasan jaka. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata rana tana cikin cusawa ta ɗago, suka yi ido huɗu da Kashiya da ta zo sayen maganin ciwon kai.

"A'a, matar Oga! Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiya lau."

"To, Allah ya ƙara lafiya," in ji Kashiya, idonta a kan jakar.

Kafin rana ta faɗi labari ya isa kunnen Yaya Babba, kuma a hanya ya yi ƙiba.

Inna ta aiko a kira su su biyu. Suna shiga falonta Malama ta san ba lafiya ba. Inna na kan kujera fuska a ɗaure, Yaya Babba a tsaye hannu a ƙugu, Kashiya a rakuɓe a gefe tana wasa da bakin mayafi kamar ba ita ba.

Malama ta durƙusa tana gaida Inna. Ba ta ƙarasa ba Yaya Babba ta fizge jakarta ta zazzage a tsakar ɗaki. Alli, jan biro, 'yan alewar da take ba yara... sai baƙar leda. Kwalaben magani biyu suka gangara har gaban Inna.

"Ga shi nan! Ƙwayoyi take sha tana zubar mana da zuri'a, mu muna zaryar asibiti kamar wawaye! Ki musa in kin isa!"

"Ke 'yar nan," in ji Inna, "maganin wane ne wannan?"

Malama ta dubi mijinta ta girgiza masa kai kaɗan, don ya tuna alƙawarinsa. Sannan ta sunkuyar da kai.

"Nawa ne, Inna. Ku yi haƙuri."

"Kin ji ko!"

Inna ta rufe ido. "Auta, na yi kawaici shekara huɗu. Ka sauwaƙe mata ta tafi gidansu, tun muna ganin mutuncin juna."

Mai Burodi ya miƙe. Ya sunkuya ya ɗauki kwalba ɗaya, ya buɗe, ya jefa ƙwaya a baki, ya ɗauki kofin ruwan da ke gefen Inna ya kora.

"To," ya ce, "in na zubar da ciki ne, sai ku zauna ku ga nawa ya zube."

"Auta! Haukacewa ka yi?"

"Maganina ne, Yaya. Ni ne marar lafiyar." Ya juya wurin matarsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Malamata, ki yafe mini, yau zan karya miki alƙawari. Gara a nuna ni da baki a titi da in zauna ana tozarta ki a gabana."

"Don Allah kar ka..."

"Sai na faɗa."

Ya kuwa faɗa, tas. Tanderu da hayaƙi, gwajin farko da ya ƙirga bai leƙa ciki ba, gwaji na biyu, yis da ruwan zafi. Zancen baho kaɗai ya tsallake, kuma Malama ta lura.

"Wadda kuke kira kwando ta san gaskiyar nan tuntuni, ta hana ni faɗa don kar a ce ƙaninki ba namiji ba ne. Yanzu a gabanku ta ce maganin nata ne, ana shirin korarta amma ba ta tona ni ba. Ke Yaya, wa kika taɓa ɗaukar wa irin wannan?"

Yaya Babba ta kau da kai. Kashiya kuwa tuni ta fara laluben takalmi, wai ta bar shago babu kowa.

Inna ce ba ta motsa ba. Kwalbar take kallo, leɓenta na ɗan motsi.

"Ka ce zafin tanderu?"

"Haka Likita ta ce, Inna."

"Ciki ya fara tafiya... ya kai wani wuri ya tsaya?"

"Haka ne."

Sai hawaye suka gangaro mata. Rabon da a ga Inna na kuka tun rasuwar mijinta.

"Tsakaninka da yayarka shekara tara ne. Kun taɓa tambayar me ya sa? Huɗu na zubar. Uwar mijina ta ce fasasshen tulu aka kawo mata, har kayana an taɓa ɗaure mini." Ta share ido da bakin mayafi. "Cikinka, Auta, na same shi ne shekarar da mahaifinku ya karye a ƙafa, ya yi wata shida a kwance bai leƙa bakin wuta ba."

Ta ɗago ta dubi ɗanta.

"Allah kaɗai ya san gaskiyar nawa, shi kuma ya tafi ba a gwada shi ba. Amma tun kafin a haife ka nake kwana nake tashi da cewa ni ce." Ta miƙo hannu. "Zo nan, 'yata. Taso daga ƙasan nan."

Malama ta matsa, Inna ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Abin da aka yi mini na juya na yi miki, ni da na san ɗacinsa. Ki yafe mini. Kuma na gode... kin rufa wa ɗana asiri, ni kuma ta dalilinki na sauke kayan da na tsufa da shi a ka."

"Inna, ni ba ku yi mini komai ba."

"Ƙarya kike yi, amma Allah ya yi miki albarka."

Yaya Babba ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, ba a haife ta da wannan ba. Durƙusawa ta yi ta tsince allin da alewar ɗaya bayan ɗaya, ta mayar a jaka, ta zuge, ta ɗora a cinyar Malama ba tare da ta yarda sun haɗa ido ba.

A hanyar gida Malama ta ce, "Ka karya alƙawari."

"Na karya."

"Kuma ka ɓoye zancen baho."

"Wane baho? Ni ban san wani baho ba."

Ta yi dariya hawaye na zuba. "Na gode, mijina. Wallahi na gode."

"Ni za ki yi wa godiya? To ni wa zan yi wa?"

Maganar ta fita kamar yadda ta ji tsoro, don Kashiya ta bar aiki ta tafi da ita a baki. An yi dariya, an yi zunɗe, Mai Burodi ya toshe kunne ya ci gaba da miƙa burodi. Abin mamaki, sai ga maza suna zuwa sayen burodi guda, su tsaya kame-kame har shago ya yi sarari, sannan su rage murya. Yau direban babbar mota, gobe mai walda.

"Oga, wannan likitar taka... wace rana take zama?"

Da aka sake gwaji Likita ta saka tabaranta ta duba, ta sake dubawa, sannan ta yi murmushi. Karayar ta ragu sosai.

"Yanzu sai ku nema, Allah ya ba da mai zama."

Ba a wata na farko ya zo ba, ba kuma a na biyu ba. Da ya zo, Malama ta kasa murna, tsoro ya hana ta. Ciki na shiga wata na uku ta koma tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, kullum da safe sai ta daɗe a ƙofar banɗaki kafin ta iya shiga. Inna ta tattaro kayanta ta tare a gidan, ko tsintsiya ba ta bari ta taɓa. Wata na uku ya wuce. Na huɗu ya wuce. Ranar da Likita ta ɗora mata na'ura a ciki suka ji bugun zuciya fat-fat-fat, Mai Burodi ya fita baranda ya kifa kai a bango, sai da nas ta tambaye shi ko rasuwa aka yi masa.

Mace aka haifa, mai yawan gashi da ƙarfin murya.

Ranar da aka dawo da su gida Inna ta naɗe hannun riga ta ce a kawo mata abin wankan jaririya. Yaya Babba ta fito da wani ɗan baho sabo fil da ta sayo, tana taƙama.

"Yaya, na gode," in ji Malama daga bakin gado, "a ajiye mata wannan sai gobe. Yau akwai wani a bayan ƙofa."

Mai Burodi ya dube ta, ta gyaɗa masa kai. Ya je ya ɗauko shuɗin bahon, ya wanke ƙurar da ta lulluɓe shi, ya ajiye a tsakar ɗaki.

"Wannan ai sai ta yi iyo a ciki," in ji Inna, amma ta juye ruwa kaɗan a gindinsa. Tana shirin kwance zanin jaririyar Mai Burodi ya riga ta durƙusawa, ya tsoma gwiwar hannunsa.

"Inna, ya yi zafi. A surka."

"Kai tafi can! Ni za ka koya wa wankan jariri?"

"Mace ce fa, Auta," in ji Yaya Babba tana dariya, "babu abin da zai kakkarye mata."

"Ko ma mece ce. A gidan nan dai sai an surka."

Malama ta sauko a hankali ta ɗebo ruwan sanyi a kofi, ta durƙusa kusa da shi. Ta dubi bahon da ta taɓa ɗagawa za ta fasa, ta dubi mijinta, ta dubi 'yar da ke ta tsala kuka a hannun kakarta. Godiya ta cika mata ƙirji har ta rasa ta wa za ta fara, sai kawai ta ce alhamdulillahi a hankali ta tsiyaya ruwan.

Ya sake tsoma gwiwar hannunsa, ya ɗan jira.

"Yawwa," ya ce. "Yanzu ku sa mini 'yata."